Mashayi Na Riƙe Da Hannun Mashayi: Yadda Matakai 12 Ke Raba Mutum Da Giya

A shekarar 2006, Cochrane, cibiyar da likitocin duniya ke komawa gare ta idan suna son sanin ko wani magani na aiki da gaske, ta tattara gwaje-gwaje 8 da aka yi kan Alcoholics Anonymous, ƙungiyar mashaya masu taimakon juna su daina sha, wadda aka fi sani da AA. Ta ce ba ta ga hujja ƙwaƙƙwara ba cewa tsarin ƙungiyar na raba mutane da giya. A watan Maris na 2020 cibiyar ta sake duba lamarin, wannan karon da bincike 27 da suka ƙunshi mutum 10,565, sai ta ce tsarin ya kamo sauran hanyoyin jinya, har ya ɗara su wajen sa mutum ya bar giya baki ɗaya. Tun daga nan masu yabon ƙungiyar ke kafa hujja da rahoton 2020, masu sukarta kuma suna nan kan bakansu, kuma wasu daga cikin hujjojinsu har yanzu ba a karya su ba.

Abin da ke ƙara ɗaure kai shi ne AA ba ta ba da ƙwaya ko allura, ba ta karɓar kuɗin jinya, ba ta cike wa kowa takardar shiga. Duk da haka ƙungiyar na ƙiyasta cewa tana da mambobi kusan miliyan 2 a ƙasashe kimanin 180. To me ake yi a zamansu, kuma mene ne a ciki yake hana mutum komawa ga kwalba?

Wane mashayi ake nufi

Ba duk mai shan giya ake magana a kansa ba. Wanda ake nufi shi ne mutumin da giya ta kama: yakan yi niyyar shan kwalba ɗaya ya ƙare da goma, ya sha yin rantsuwar dainawa yana karyawa, aikinsa da aurensa da lafiyarsa na lalacewa a kan idonsa amma ya kasa tsayawa. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, a kundin da suka sabunta a 2013, sun jera alamomi 11 na wannan larura. Mai alama 2 ko 3 tasa mai sauƙi ce, mai 4 ko 5 matsakaiciya, mai 6 ko fiye kuwa ta yi tsanani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 2.6 suka mutu sanadiyyar giya, kuma kimanin miliyan 209 ne jikinsu ya dogara da ita.

AA tana kallon abin a matsayin ciwo mai fuska biyu, fahimtar da ta samo daga wani likita a New York, William Silkworth. A wurinsa, jikin irin wannan mutum da zarar ya ɗanɗana giya sai ya riƙa neman ƙari ba iyaka, zuciyarsa kuma kullum tana raya masa cewa wannan karon zai iya tsayawa a kofi ɗaya. Shi ya sa ƙungiyar ba ta koyar da rage sha. Maganarta ita ce kada a taɓa kofin farko, kuma ba ta neman alkawarin shekara ko na har abada, na awa 24 kawai take nema, gobe a sake ɗaukar wani.

Akron, 1935

Bill Wilson ɗan kasuwar hannun jari ne a New York wanda giya ta durƙusar. Ya daina sha a Disamban 1934 yana kwance a asibitin da Silkworth ke aiki, bayan wani tsohon abokin shansa ya kawo masa koyarwar ƙungiyar Oxford, wata ƙungiyar Kiristoci mai wa'azin furta laifi, biyan haƙƙi da miƙa wuya ga Ubangiji. Da ya fito sai ya shiga bin mashaya yana yi musu wa'azi. Watanni suka wuce bai shiryar da ko mutum ɗaya ba. Matarsa Lois ce ta lura da abin da shi bai gani ba: duk tsawon lokacin da yake fafutukar ceton wasu, shi kansa bai sha ba. Silkworth kuma ya ba shi shawarar ya bar wa'azi, ya riƙa fara ba su labarin ciwon da abin da ya yi masa.

A watan Mayun 1935 wani ciniki ya kai shi birnin Akron a jihar Ohio, cinikin ya wargaje. Ga shi shi kaɗai a zauren otal ɗin Mayflower, aljihu ya yi sauƙi, daga gefe guda ana jin hayaniyar mashaya, daga ɗaya gefen akwai wayar tarho da jerin sunayen majami'un garin. Ya tabbata in bai sami wani mashayi ya yi magana da shi ba, to shi ne zai sha. Ya yi ta buga waya har aka haɗa shi da wani likitan tiyata, Bob Smith, wanda shi ma giya ta kusa raba shi da sana'arsa. Smith ya yarda zai ba shi minti 15. Suka kai wajen awa 6 suna hira. Abin da ya riƙe likitan a kujera shi ne baƙon bai zo da nasiha ba, ya faɗa masa ƙarara cewa shi ne ke bukatar wannan hirar don kada ya faɗi.

Ranar 10 ga Yunin 1935 ƙungiyar ta ɗauka a matsayin ranar da Smith ya yi shansa na ƙarshe, kuma ita ce ranar kafuwarta. Su biyun suka tafi asibitin garin suka sami mutum na uku, wani lauya da aka kwantar saboda giya. A 1939, mambobi na kusan 100, suka buga littafin da ƙungiyar ta ci sunansa, a ciki aka fara jera matakai 12. Wani rahoto da mujallar Saturday Evening Post ta buga a Maris ɗin 1941 ya ɗaga yawansu daga kimanin 2,000 zuwa 8,000 kafin shekarar ta fita.

Abin da matakan ke nema

A cikin matakan 12, na farko ne kaɗai ya yi maganar giya kai tsaye: mutum ya amsa cewa ta fi ƙarfinsa kuma rayuwarsa ta kuɓuce masa. Na biyu da na uku suna neman ya yarda akwai wani iko da ya fi nasa wanda zai iya dawo da shi hayyacinsa, ya kuma miƙa al'amarinsa ga Ubangiji gwargwadon yadda shi ya fahimce Shi. Sauran duk gyaran hali ne da gyaran mu'amala.

Aikin da ya fi nauyi yana tsakanin mataki na 4 da na 9. Mutum zai ɗauki biro da takarda ya ja layuka: wa nake riƙe da shi a zuciya, me ya yi mini, ina abin ya taɓa ni, sannan layin da ya fi ɗaci, mene ne nawa laifin a ciki. Haka zai yi wa tsoronsa da mu'amalarsa da mata ko maza. Sai ya zauna ya karanta wa wani mutum guda wannan takarda daga farko har ƙarshe, ba tare da ɓoye komai ba. Daga nan ya rubuta sunayen duk waɗanda ya cuta, ya bi su ɗaya bayan ɗaya: mai gidan hayar da ya gudu da kuɗinsa, ɗan'uwan da ya yi wa sata, 'ya'yan da suka girma suna laɓewa idan sun ji motsinsa a ƙofa. Ba a yarda ya tsaya a "ku yafe mini" ba, in kuɗi ne ya tsara yadda zai biya. An yi togaciya guda, kada ya je inda zuwansa zai ƙara cutar da wanda ya zalunta ko wani daban. Dalilin wannan wahala a wurin 'yan ƙungiyar shi ne ƙullaci da kunya da tsoro su ne ke mayar da mutum ga sha, don haka muddin suna nan a binne, ajiye kwalbar na ɗan lokaci ne.

Mataki na 10 da na 11 na ci gaba da binciken kai ne kullum, da addu'a da tafakkuri. Na 12 shi ne kai saƙon ga wani mashayi.

Zaman kansa ba shi da wani ƙawa. Yawanci ɗaki ne na haya a ƙasan majami'a ko wata cibiyar unguwa, kujeru a jere, tukunyar kofi a gefe, awa guda. Mai magana zai faɗi sunansa na farko kawai, ya ce shi mashayi ne, ya ba da labarin yadda yake a da, abin da ya faru, da yadda yake yanzu. A yawancin zama ba a katse mai magana, ba a mayar masa da martani. A wurare da dama ana ba wanda ya cika wata guda ko shekara guda bai sha ba wani ɗan ƙarfe mai kama da kwabo, ya sa a aljihu.

Jagora

Sabon shiga ana shawartarsa ya nemi jagora, wanda suke kira sifonsa: tsohon mashayi da ya riga shi bin matakan, galibi wanda ya yi aƙalla shekara guda bai sha ba. Al'adar ta kankama ne a birnin Cleveland daga 1939, lokacin da sababbi suka yi yawa har ya zama dole a riƙa damƙa kowane ɗaya a hannun wani. Bisa al'ada namiji ke jagorantar namiji, mace ta jagoranci mace. Sabon ne ke zaɓa, kuma yana da damar sauyawa duk ran da ya ga dama.

Jagora shi ne wanda ake bugawa waya da tsakar dare idan sha'awar ta taso. Shi ke zama da mutum kan takardar mataki na 4, kuma sau da yawa shi ake karanta wa ita. Ƙarfinsa yana cikin abu guda: ba a iya yi masa ƙarya cikin sauƙi, don duk dabarar da mashayi zai kawo, ta ɓoye kwalba a bayan tankin ban-ɗaki ko ta cewa "giyar biki ce kawai", shi ma ya taɓa yin ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mata ko uwa in ta yi magana, mashayi kan ji zargi ne. Likita in ya yi, ya ce bai san zafin abin ba. Jagora kuwa, mashayi ba shi da abin da zai ce masa.

Amma jagora ba likita ba ne, ba a horar da shi ba, ba kuma wanda ke sa masa ido. Nan ne rauni yake. An sha samun jagororin da suka hana mutum shan maganin ciwon damuwa ko na taɓin hankali wai shi ma nau'in maye ne, alhali rubutacciyar matsayar ƙungiyar ita ce kada wani mamba ya mayar da kansa likita. An kuma sha samun tsofaffin mambobi masu farautar sababbin mata a lokacin da suka fi rauni, har abin ya sami laƙabi a cikin ƙungiyar, "mataki na 13". Tsarin da ba shi da shugaba mai hukunci yana da wuyar kama irin waɗannan, sai dai kowane rukuni ya tsare nasa.

Hidima da kwandon kuɗi

Ana ba sabon shiga aiki tun da wuri: jera kujeru, dafa kofi, tsayawa a ƙofa yana tarbar mutane. Daga baya ya zama mai ajiyar kuɗi ko sakatare, ya riƙa kai zama gidan yari ko asibiti. Muƙamai na zagayawa, ba a barin kowa ya dawwama a kan ɗaya. Wanda ya shekara goma ana ɓoye masa jaka idan ya shigo gida, ranar da aka damƙa masa makullin ɗakin taro wani abu kan motsa a cikinsa, kuma ko ba komai, dole ya zo ranar zama don in bai zo ba mutane za su tsaya a waje.

Akwai alƙaluma a kan wannan. Maria Pagano da abokan aikinta sun duba bayanan wani babban gwaji da aka yi a Amurka kan mutum 1,726, suka buga sakamakon a 2004. Cikin waɗanda suka riƙa taimaka wa wasu mashaya, kashi 40 cikin 100 sun cika shekara bayan jinya ba su sha ba. Cikin waɗanda ba su taimaka ba, kashi 22. Wannan bai tabbatar da cewa taimakon ne kaɗai sanadi ba, don mai yiwuwa wanda ya fi ƙarfin niyya shi ne ya fi saurin taimakawa. Sai dai ya yi daidai da abin da Lois Wilson ta lura da shi kusan shekara 70 kafin nan.

Batun kuɗi ma yana cikin abin da ya raya ƙungiyar. A farkonta sun nemi tallafin attajiri John D. Rockefeller ƙarami. Wakilinsa ya ba da shawarar a ba su dala 50,000, shi kuwa ya ce kuɗi zai ɓata abin, ya ba da 5,000 kawai. A 1950, a taronsu na Cleveland, suka amince da ƙa'idoji 12 na tafiyar da ƙungiya. Daga ciki: sharaɗin zama mamba ɗaya ne, son daina sha, ba a karɓar gudummawa daga waje, kwando ake zagayawa da shi a zama kowa ya jefa abin da ya samu, ƙungiya ba ta da ra'ayi kan siyasa, addini ko dokar hana giya, ba a bayyana cikakken suna a kafafen yaɗa labarai. Sun ɗauki darasi daga wata ƙungiyar mashaya da aka kafa a Baltimore a 1840, wadda ta tara dubban mutane sannan ta watse cikin 'yan shekaru bayan ta tsunduma cikin rigingimun siyasa da neman suna.

Hujjar masu yabo da ta masu suka

Nazarin 2020, wanda John Kelly na Jami'ar Harvard da Keith Humphreys na Stanford da Marica Ferri suka yi, ya gano cewa inda aka bi tsararriyar hanya wajen haɗa majinyaci da AA, kashi 42 cikin 100 sun kai shekara ba su sha ba, a kan kashi 35 na waɗanda aka yi wa wasu nau'o'in jinyar magana. A wasu ma'aunai, kamar yawan abin da mutum ke sha idan ya sha, hanyoyin sun yi kunnen doki. Bambancinsa da na 2006 shi ne an sami ƙarin gwaje-gwaje masu inganci a tsakani. Binciken da aka yi kan dalilin nasarar ya fi nuna sauyin abokan zama: mutum ya rage cuɗanya da masu sha, ya sami waɗanda ba sa sha, a kyauta, kowace rana, har tsawon rayuwa, abin da babu asibitin da zai iya bayarwa.

Masu suka na da abin faɗa. Kashi 42 na nufin fiye da rabi sun koma. Yawancin gwaje-gwajen a Amurka aka yi su, kuma da hannun ƙwararru wajen raka majinyaci, wanda ya bambanta da mutumin da ya shiga zama shi kaɗai. Da yawa kan zo sau kaɗan su ɓace, kuma al'adar cewa "bai bi tsarin da gaske ba ne" tana ɗora wa majinyaci laifin duk wata gazawa. Wasu, musamman matan da suka fito daga gidajen duka da danniya, na ganin koya wa mutum cewa ba shi da iko ƙarin rauni ne a gare shi. Daga irin wannan ƙorafi aka sami wasu ƙungiyoyi kamar SMART Recovery, da aka kafa a 1994, wadda ba ta maganar wani iko na sama. Akwai kuma magunguna irin su naltrexone da acamprosate masu rage sha'awar giya, waɗanda ba su saɓa wa zuwa zama ba. Mutane masu yawa ma sun bar giya ba tare da wata ƙungiya ba. Abin da hujjojin suka taru a kai shi ne AA hanya ce mai aiki ga mutane da yawa, ba ita kaɗai ba ce, kuma wanda ba ta karɓe shi ba yana da inda zai nufa.

Addini, kotu da tilas

AA na cewa ita ba addini ba ce. Amma an ambaci Ubangiji a matakai da dama, kuma a Amurka zama da yawa ana rufe shi da addu'ar Kiristoci. Da alƙalai suka riƙa tura masu laifin tuƙi cikin maye da fursunoni zuwa zaman dole, sai aka kai ƙara. Babbar kotun jihar New York a 1996, da wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a 2007 kan wani mabiyin addinin Buda a Hawaii, sun yanke cewa hukuma ba ta da ikon tilasta wa mutum shiga tsarin ba tare da ba shi zaɓin da babu addini a ciki ba.

Ga Musulmi, wasu matakan ba baƙi ba ne: nadama, miƙa wuya, da mayar da haƙƙi ga mai shi suna cikin sharuɗɗan tuba. Inda ake tsayawa a yi tambaya shi ne karanta wa wani mutum zunubanka, alhali addini ya koyar da rufa wa kai asiri, da kuma ci gaba da kiran kai mashayi bayan an tuba. Masu goyon baya na amsawa da cewa faɗa wa amintacce guda don neman waraka daban yake da tallata saɓo. Musulmin Amurka sun kafa Millati Islami a Baltimore a 1989, suka daidaita matakan da koyarwar Musulunci. A Iran kuwa, Narcotics Anonymous, ƙungiyar masu shan ƙwaya da aka kafa kan wannan tsari a Amurka a 1953, ta bunƙasa har ƙasar ta zama ta biyu bayan Amurka a yawan zama.

Abin da ya shafi gida

Iyalin da ke da mashayi su fara sanin wannan: wanda ya daɗe yana sha da yawa kullum, yanke masa giya farat ɗaya na iya kashe shi. Rawar jiki da gumi kan fara cikin awanni, farfaɗiya na iya biyo baya, kwana 2 zuwa 3 kuma wasu kan fita hayyacinsu suna gane-gane. Wannan matakin aikin likita ne. A arewacin Najeriya akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware. Zama da jagora da hidima na zuwa ne bayan jiki ya lafa.

Kulle mutum ma ba ya cikin tsarin. A Satumban 2019 'yan sanda sun fitar da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, wasu da mari a ƙafa, da yawansu iyaye ne suka kai su don a gyara musu hali. Mari na hana hannu kaiwa ga kwalba muddin yana ƙafa, amma ranar da aka cire shi mutum na komawa unguwar da ya baro da abokan da ya bari.

Su kansu iyalin suna da nasu zaman. A 1951 Lois Wilson da wata abokiyarta suka kafa Al-Anon don mata da maza da iyayen mashaya. Abin da ake koya musu shi ne ba su suka jawo ciwon ba, ba za su iya sarrafa shi ba, ba kuma za su iya warkar da shi ba. A aikace wannan na nufin a daina biya masa bashin mashaya, a daina bugawa wurin aikinsa ana cewa zazzaɓi yake yi, a kuma tsare lafiyar yara da abincin gida ko ya daina ko bai daina ba. Idan mashayin ya yi wata shida bai sha ba sannan ya sake sha, a AA ba a korarsa. Jagoransa kan ce masa ya zo zaman gobe, a fara ƙirga kwanaki daga ɗaya.